Ragowar tace man gyaɗa da na angurya: yadda mai ƙaramar masana'anta a Katsina zai ci moriyarta bai ɓata ƙasa da ruwa ba

Duk tan ɗaya na ɗanyen man gyaɗa da ya shiga tankin tacewa, ba tan ɗaya ke fitowa ba. Galibi kilo 60 zuwa 100 kan tsaya a hanya: wani ya bi danƙo (dauɗa mai yauƙi da ruwan zafi ke fitarwa daga mai), wani ya bi sofstok (lakar sabulu da ke kwantawa in an zuba wa mai soda), wani ya maƙale a ƙasar bilicin (garin da ke tsotse launin mai), ɗan saura ya tafi da ruwan wanki. Abin da aka fi gani a ƙananan masana'antun mai na Katsina, da na yankin Funtuwa inda angurya ta fi yawa, shi ne a haƙa rami ɗaya bayan katanga a riƙa juye su duka a ciki. A nan asarar take somawa. Kowace daga cikinsu tana da mai saye muddin tana ita kaɗai, amma da zarar sun cakuɗe, mai sabulu ba ya so, mai kiwo ba ya so, sai wari da ƙuda da ƙorafin maƙwabta.

Don haka aikin farko ba ya buƙatar inji: durom daban ga kowace ragowa, a rubuta sunanta a jiki, a auna abin da ya fita kullum. Bayan mako biyu za ka san nawa kake samu. Sai ka duba wace guba ko dauɗa ke cikin kowace, da nisan mai sayenta. Nisa yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin kusan rabin nauyin ɗanyen sofstok ruwa ne. Wanda ya ɗora shi a mota zuwa Kano, kilomita wajen 170, rabin kuɗin motarsa na dakon ruwa ne.

Tun daga buhu ake rage ta

Yawan sofstok yana bin tsamin mai, abin da ma'aikata ke kira FFA. Kowane kilo ɗaya na wannan tsami yana cin giram 142 na kostik soda. Man da tsaminsa kashi 3 cikin 100 ne, tan ɗaya yana ɗauke da kilo 30 na tsami, wato soda kilo 4.3, a ƙara kashi 10 zuwa 20 cikin 100 a kai, ta kusa kilo 5. Sabulun da ke tashi daga nan ba ya sauka shi kaɗai, yana jan lafiyayyen mai tare da shi, shi ya sa a tankin da ake tacewa zubi-zubi asarar kan kusa ninki biyu na tsamin: mai kilo 50 zuwa 60, a cikin ɗanyen sofstok kilo 120 ko kusa da haka. In tsamin ya kai kashi 6, komai ya ninka.

Gyaɗar da aka zuba a buhu ba ta gama bushewa ba, da fasassa, da wadda ƙwari suka huda, su ke ta da tsami. A tabbatar laimar ƙwaya ta sauka ƙasa da kashi 8 kafin ajiya. Kada ɗanyen mai ya yi makonni zaune kan lakarsa. A tace shi da filta da zarar ya fito daga injin matsa, lakar kuma a mayar da ita cikin injin kaɗan-kaɗan tare da sabuwar gyaɗa. Sannan a daina zuba soda da ka. Gwajin tsami na mintuna ne, kuma sodar da ta wuce kima lafiyayyen mai take mayarwa sabulu. Ga man gyaɗa, ruwan soda mai ƙarfin digiri 12 zuwa 16 a haidiromitar Bome, ma'aunin kaurin ruwa, wato soda kashi 8 zuwa 11 cikin ruwa, ya wadatar. Man angurya ne ke son ruwan soda da ya fi haka ƙarfi saboda duhunsa.

Kek

Kek, wato abin da ya rage bayan an matse mai daga ƙwaya, ya fi duk sauran yawa da daraja, kuma shi ne mafi haɗari in an yi sakaci. Na gyaɗa furotin ɗinsa kan kai kashi 45, kuma injin da sukurunsa bai cinye ba yana barin mai kashi 5 zuwa 8 a ciki. In ka murza gutsure a takarda ka ga ta jiƙe da maiƙo, ko sukuru ya lalace ko gyaɗar ba ta sha zafi yadda ya kamata ba kafin matsa, kuma mai kake sayarwa a farashin dusa.

Kek yana fitowa da zafi. In aka ɗure shi a buhu nan take sai ya yi gumi, gumin ya kawo fumfuna. A baza shi a daɓe mai tsabta ya huce, a jera buhunan kan katako, a bar tazara tsakaninsu da bango, laima kada ta wuce kashi 10. Farashinsa kan tashi a ƙarshen rani lokacin da ciyawa ta ƙare, da kuma gabanin Babbar Salla da masu turkar raguna ke nemansa a kasuwanni irin su Charanchi da Mai'aduwa, to amma kek mai maiƙo ba ya son ajiyar da ta wuce wata biyu zuwa uku, sai ya fara ɗoyi.

Babbar matsalarsa afalatoksin ce, gubar da wata fumfuna ke saki a jikin gyaɗa. Soda da ƙasar bilicin suna fitar da kusan dukkanta daga mai, amma tun wajen matsa mafi yawanta a kek take zama. Ta kek ɗin gyaɗa aka fara sanin wannan guba: a 1960 talo-talo sama da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da kek ɗin gyaɗa daga Barazil. Suya ba ta kawar da ita duka, shanya a rana ba ta wadatar, ido kuma ba ya ganinta. Tana lalata hanta, 'yan tsaki da agwagi da talo-talo sun fi saurin jin ta, saniya kuma tana fitar da wani ɓangarenta a cikin nono. Masana'antar da ke sayen gyaɗar da mata masu ƙuli-ƙuli suka tsince suka ware, baƙaƙe da motsattsu, saboda arha, gubar take saye. Akwai 'yan sandunan gwaji da ke nuna ko kek ya wuce 20 cikin biliyan, iyakar da aka fi amfani da ita ga abincin shanun tatsa da ƙananan dabbobi. A ɗebo samfuri daga buhu da yawa a niƙa tare, don gubar ba ta bazuwa daidai. Buhu ɗaya zai iya fita fes, na kusa da shi ya ninka iyaka. Mai masana'antar da ke da manoman da yake saye a hannunsu kai-tsaye, ya ƙarfafa musu amfani da Aflasafe, maganin rage afalatoksin da ake watsawa a gona, na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, kilo 10 a hekta, mako biyu zuwa uku kafin gyaɗa ta yi fure.

Kek ɗin da ya faɗi gwaji kada a sirka shi da mai kyau, kada ya je wurin mai kilishi ko mai yajin tsire. Taki ne. Yana da naitirojin kusan kashi 7, wato buhu mai kilo 100 ya yi daidai da yuriya kilo 15. A daka shi, a haɗa da kashin dabbobi a rami, a rufe da ƙasa don awaki kada su kai gare shi, a bar shi ya ruɓe kafin damina.

Kek ɗin angurya nasa ciwon daban ne, wato gosifol, gubar da ke cikin ƙwayar angurya. Manyan shanu da raguna suna jure shi saboda tumbinsu, amma ɗan maraƙi da ɗan rago da ba su fara tuƙa ba, da kaji, ba sa jurewa. Kajin ƙwai in sun ci, gwaiduwa kan sauya launi ta yi kore-kore in ƙwan ya kwana biyu. Bijimi da ragon da aka ajiye don barbara su ma a rage musu, yana taɓa ƙarfin haihuwarsu. A rubuta a jikin buhu cewa na manyan dabbobi ne.

Danƙo

Ana fitar da shi da ruwan zafi kashi 2 zuwa 3 na nauyin mai, a digiri 60 zuwa 70, a juya na minti 30 a bar shi ya kwanta. Man waken soya ne ke da shi da yawa. Na gyaɗa kaɗan ne. Manyan kamfanoni na busar da shi su sayar a matsayin lesitin, amma injin yin haka ya fi ƙarfin mai tan biyar a rana. Jiƙaƙƙen danƙo yana tsami cikin kwana ɗaya ko biyu a zafin Katsina, saboda haka a ranar da ya fita a gauraya shi da niƙaƙƙen kek, kilo 1 zuwa 2 a kowane 100, a shanya. Wasu na tsallake wannan mataki su bar soda ta kwashe danƙon gaba ɗaya. Sun huta yau, amma sun ɓata sofstok ɗinsu, kamar yadda za a gani.

Sofstok: a sayar, a dafa, ko a fasa

Kafin ciniki a san mai nawa ke ciki, domin mai saye zai ce duk ruwa ne, mai sayarwa ya ce duk mai ne. Ga gwajin da za a iya yi da ƙaramin sikeli. A auna giram 100 na sofstok da aka juya sosai, a narkar da shi a ruwan zafi rabin lita cikin kwalbar gilashi mai jure wuta. A riƙa ɗiga sabon ruwan batir, ba wanda aka juye daga tsohon batir ba don akwai dalma a ciki, har takardar gwajin tsami ta nuna pH 2. Ruwan zai yi fari kamar madara, sannan wani mai ja-ja ya taso sama. A jefa kyandir giram 20 ya narke a cikin man, a ajiye ya huce. Da safe za a tarar da faifai mai tauri a saman ruwa. A ɗaga shi, a goge da tsumma, a auna, a cire 20. In faifan ya auna giram 65, sofstok ɗin yana da mai kashi 45, kuma kan wannan lissafi za a yi farashi. Yawanci yakan faɗa tsakanin 35 da 50.

Ga wanda sofstok ɗin da yake tarawa bai kai durom goma a mako ba, shawararmu ita ce ya sayar wa masu sabulun wanki na kusa, ko ya dafa da kansa. Ya riga ya zama rabin sabulu, ƙarasawa kawai yake jira. A zuba kilo 100 a tukunyar ƙarfe da ba ta cika ba fiye da rabi, don yana kumfa yana tasowa. Kada a yi amfani da tukunyar alminiyam, soda na cin ta. In man da bai zama sabulu ba ya kai kilo 18, zai ci soda kusan kilo 2.5, a kan giram 136 ga kowane kilo na man gyaɗa. A narkar da sodar a ruwa, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana tafasawa ana juyawa, awa uku zuwa huɗu, har ya daina nuna maiƙo in an murza a yatsa da safar hannu. Sai a watsa gishiri a hankali har sabulun ya tsinke ya taso gudaji-gudaji, baƙin ruwa ya koma ƙasa. Wannan ruwa shi ke tafiya da dauɗa da launi. Na gyaɗa wanki ɗaya ya isa. Na angurya, da yake baƙi ne, sai an maimaita sau biyu ko uku, kuma ko an yi haka ba zai yi fari ba. Sabulun gyaɗa zalla yana da laushi kuma kumfarsa kaɗan ce. Man alayyadi kashi 15 zuwa 20 na jimlar man yana kawo kumfa, narkakken kitse daga mahauta kuma yana kawo tauri, kowanne da tasa sodar. In sabulu ya yi farin gari a jiki yana cin hannu, soda ta yi yawa. In yana zufar mai yana wari bayan mako biyu, bai dahu ba.

Fasa sofstok da asid don a fitar da man da ake kira asid-oyil shi ne abin da manyan matatu ke yi, kuma yana rage nauyin dako da rabi. Ana dafa shi zuwa digiri 85 zuwa 95, a zuba asid ɗin salfa har pH ya sauka 2 zuwa 3, a bar shi ya kwanta awanni. Kowane kilo na sodar da aka yi amfani da ita wajen tacewa yana neman asid mai ƙarfi kilo 1.2, da ɗan ƙari. Kullum asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba, da tabarau da safar roba da bokitin ruwa a kusa. Ya kamata a samu hawa biyu, mai a sama, ruwan tsami a ƙasa. Abin da kan faru shi ne a samu na uku a tsakiya, wani kauri kamar kunu da ya ƙi rabuwa, ya riƙe mai da yawa. Danƙon da ba a cire ba tun farko ne ke jawo shi, kuma maganinsa a fara ƙarasa dafa sofstok ɗin da soda kafin a sa asid, wato ƙarin soda da ƙarin asid. Ga kuma tanki: asid mai zafi yana huda baƙin ƙarfe, baƙin tankin roba na ruwa kuma yana laushi a wannan zafi, sai na faiba ko wanda aka yi wa rufin ciki na musamman. A ƙarshe a bar ka da ruwa mai tsami da gishiri da sai ka kashe kuɗi a kansa. Ga ƙaramar masana'anta da wuya kwalliya ta biya kuɗin sabulu, sai fa in masana'antu uku ko huɗu za su haɗa nasu a wuri ɗaya.

Ƙasar bilicin tana kama wuta da kanta

Ana zuba ta kashi 0.5 zuwa 2 na nauyin mai, tana fitowa daga filta baƙa, ɗauke da mai kashi 20 zuwa 40 na nauyinta. Man da ya bazu a jikin ƙura mai laushi haka yana haɗuwa da iska ya riƙa yin zafi daga ciki. In an tara ta tsibi tana da ɗumi, musamman a Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, tana iya fara hayaƙi ba wanda ya kusance ta da ashana, kuma sau da yawa cikin dare. Kafin a buɗe filta a busa mata tururi ya koro man da zai iya fita. In an kankare ta a baza a inuwa, kaurin da bai wuce santimita 10 zuwa 15 ba, a yayyafa ruwa. Kada a sa ta a buhu da zafinta, kada a ajiye ta kusa da tarin ɓawon gyaɗa ko ɗakin kek.

Mafita mafi arha tana cikin gida: a gauraya ta da ɓawon gyaɗa, kashi ɗaya cikin biyar ko ƙasa da haka, a ciyar da tukunyar tururi. Man ya ƙone, ƙasar ta fita da toka. Masu gasa jan bulo na iya sa kashi 5 zuwa 10 a cikin yumɓu, amma su fara gwada kaɗan, don in ta yi yawa bulo na yin sakayau. A wasu ƙasashe kamfanonin siminti ne ke ƙone ta, to mu nan mafi kusa yana Sakkwato, kuɗin mota ya cinye amfanin. In taki za a yi, kada ta wuce kashi ɗaya cikin goma na tarin, don maiƙo yana hana jigawa shan ruwa. Ana iya tafasa ta da ruwa da 'yar soda man ya taso a kwashe, ya tafi tukunyar sabulu. Wannan mai ba na ci ba ne, kada ya koma jarka. Masu tunanin wanke ta da fetur don su ciro man su bari. Ko hekzen da manyan kamfanoni ke amfani da shi sai a rufaffen inji ake sarrafa shi saboda gobara.

Ruwa

Wankin mai bayan soda yana cin ruwan zafi kashi 10 zuwa 15 na nauyin man a kowane zagaye. Ƙasar Katsina da Daura rairayi ce, abin da aka zuba a buɗaɗɗen rami ba ya daɗewa bai kai ga rijiyoyin unguwa ba. Wanda ya bi lambatu a cikin birni kuwa, ƙarshensa rafin Ginzo da masu lambu ke ban-ruwa da shi. Ba maiƙo kaɗai ne illar ba. Sodiyam ɗin soda da gishiri yana sa ƙasa ta daskare ta daina shan ruwa, kuma gyaranta na ɗaukar shekaru. Ƙa'idar ƙasa ga ruwan da masana'anta za ta saki ita ce pH tsakanin 6 da 9, maiƙo kuma kada ya wuce miligiram 10 a lita. Hukumar NESREA ta tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da aka kafa a 2007, da hukumar kare muhalli ta jiha su ke sa ido.

A raba ruwan gida biyu. Mai sauƙin dauɗa, na wanke daɓe da na sanyaya inji, ya bi tarkon maiƙo: ɗakuna uku na bulo da aka shafe da siminti, kowanne mita ɗaya ta kowace fuska, bututun da ke haɗa su ya nutse ƙasa don mai ya tsaya a sama. A kwashe man kullum ya tafi durom ɗin sabulu. Tarkon ba ya aiki in ruwan ya shiga da zafi ko yana cike da sabulu, don man ba zai taso ba. A bar shi ya huce ƙasa da digiri 40, a sa ɗan alimun a ɗakin farko. Abin da ya fita daga na uku zai iya shayar da bishiyoyin darbejiya na harabar masana'anta, ba kayan lambu ba.

Mai gishiri, wato baƙin ruwan ƙasan tukunyar sabulu da ruwan asid, kada ya taɓa ƙasa. Na asid a fara kashe tsaminsa da laim, giram 750 ga kowane kilo na asid ɗin da ya yi saura, ana juyawa ana gwadawa har pH 7. Farar lakar kabaid da masu walda da gas ke zubarwa laim ce, kuma kyauta ake samunta. In ana da ruwan soda da ruwan asid duka, a fara haɗa su a hankali su kashe juna. Daga nan sai tafkin shanya mai faɗi marar zurfi, da aka daɓe da siminti ko aka shimfiɗa wa leda mai kauri. Rani yana taimakon mu a nan: in aka ɗauki ƙafewar milimita 6 a rana don lissafi, kowace murabba'in mita na shanye lita 6, wato lita 1,000 a rana na buƙatar fili mita 13 sau 13. A Yuli da Agusta lissafin ba ya aiki, don haka a ɗaga bakin tafkin ya iya riƙe na wata biyu tare da ruwan sama, a kewaye shi da waya saboda yara da dabbobi.

Masu injin cire wari suna samun wani abu kaɗan, kilo 2 zuwa 5 a tan, da ke taruwa daga tururin da ya ratsa mai a digiri 220 zuwa 260. Yana da bitamin E, manyan kamfanoni ma don shi suke saye, amma ragowar maganin ƙwari da ke cikin gyaɗa, irin wanda ake zubawa a rumbu da sito, a nan take taruwa. Kada a sa shi a abincin kaji. A tara shi a durom mai murfi, in ya cika a juye a tukunyar sabulu, a lissafa masa soda giram 142 ga kowane kilo na tsamin da ke ciki.